Bakin Kaka, Hannun Jika

Ran 23 ga watan Disamba na shekarar 2006, wata tsohuwa mutuniyar ƙasar Sifaniya mai suna María Amelia López ta cika shekara 95 da haihuwa. A al'adar mutanen can, irin wannan rana dangi sukan zo da 'yar kyauta, wani turare, wani mayafi, wani furanni. Jikanta kuwa bai zo da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Zama ya yi gaban kwamfuta ya buɗe mata shafi nata na kanta a intanet, inda za ta riƙa faɗin abin da ke ranta, duk wanda ya ga dama ya karanta. Tsohuwa ba ta ƙyale shi ba. A maganarta ta farko da aka buga a shafin sai da ta shaida wa duniya cewa jikan nan nata marowaci ne, shi ya sa ya rasa abin da zai ba ta sai shafi. Bahaushen da ya ji wannan ba ya bukatar tafinta, domin ya san wasan kaka da jika, ya kuma san cewa ƙauna ce take jawo irin wannan zagi.

Kyautar rowar nan ita ce ta mai da tsohuwar sananniya a duniya. An haife ta a shekarar 1911 a Muxía, wani ɗan garin masunta a bakin teku a lardin Galisiya, arewa maso yammacin Sifaniya. Tana budurwa yaƙin basasar ƙasarsu ya ɓarke a 1936, bai ƙare ba sai 1939, sa'an nan ta zauna ƙarƙashin mulkin kama-karya na Janar Franco har ya mutu a 1975. Duk wannan ta gani da idonta, amma sai da ta kai shekara 95 kafin ta sami masu sauraro da suka wuce mutanen gidanta. Da ta samu kuwa ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ta ba da labarin ƙuruciyarta, ta faɗi ra'ayinta kan siyasa a fili, ita da ma mai goyon bayan 'yan gurguzu ce tun tana yarinya, ta kuma caccaki gidajen kula da tsofaffi waɗanda ta ce suna ɗirka wa mutane magani su wuni suna gyangyaɗi gaban talabijin.

Idanunta sun yi yana, ba ta iya buga rubutu da kanta. Saboda haka ita ke magana, jikan ke bugawa, daga baya kuma da ganin ya ƙara raguwa sai aka koma ɗaukar hotonta na bidiyo tana faɗa da bakinta. Mutane daga ƙasashe masu nisa suka riƙa aiko mata da amsa, ana karanta mata. A shekarar 2007 gidan rediyon nan da Hausawa suka sani da Muryar Jamus ya ba shafinta lambar yabo, a kan cewa ya fi duk irinsa da ake rubutawa da Sifaniyanci, har Firayim Ministan ƙasar na lokacin, José Luis Rodríguez Zapatero, ya gana da ita. Kafin ta rasu ran 20 ga watan Mayu na 2009, tana da shekara 97, an leƙa shafin nata sau fiye da miliyan ɗaya da rabi.

TSOFAFFI SUN YAWAITA, MASU SAURARO SUN RAGU

Dalilin da ya sa labarin tsohuwar nan ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, duniya tana ƙara cika da tsofaffi a daidai lokacin da wurin zamansu na hira yake ƙara ƙuncewa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 2018, karo na farko tun da aka fara irin wannan lissafi, masu shekara 65 zuwa sama sun fi yara 'yan ƙasa da shekara biyar yawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan ɗaya a 2020, tana kuwa sa ran za su haura biliyan biyu kafin ko a shekarar 2050. A ƙasashen Turai da Amurka da Jafan da yawa daga cikinsu su kaɗai suke zaune a ɗaki, ko kuwa a gidan kula da tsofaffi, 'ya'ya sun watse neman abinci, jikoki sai ranar biki.

Mutum zai iya samun abinci da magani da ɗakin kwana mai tsabta, amma in ya wuni ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa kan komai, to ya san an fara shafe shi tun yana numfashi. Jaridu da rediyo da talabijin sun daɗe suna magana a kan tsofaffi, watau fanshonsu da ciwonsu da nauyin da suke ɗora wa baitulmali, amma ba safai suke miƙa musu abin maganar su faɗi tasu ba. Abin da intanet ta sauya ke nan. Babu edita a bakin ƙofa, babu mai cewa lokaci ya ƙure. Wanda ke da abin faɗa, in ya sami hanyar shiga, zai faɗa.

A Ingila wani dattijo mai suna Peter Oakley, haifaffen 1927, wanda matarsa ta rasu ta bar shi, ya sami hanyar da hannunsa. A watan Agusta na 2006 ya zauna gaban 'yar kyamararsa ya fara ba da labarin rayuwarsa a YouTube, ya laƙaba wa kansa suna mai ma'anar tsoho ɗan 1927. Wurin a lokacin na samari ne da 'yan mata masu barkwanci da kiɗa. Shi kuwa ba ya komai sai magana a hankali: yadda ya taso lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yadda ya yi aikin gyaran na'urar hango jiragen sama a soja, da ƙaunar da yake yi wa babur. Cikin ɗan lokaci ƙanƙane ya zama wanda ya fi kowa mabiya a YouTube baki ɗaya, kuma yawancin masu saurarensa sa'o'in jikokinsa ne. Ya ci gaba har ya yi faifai fiye da 400 kafin ya rasu a watan Maris na 2014. Masu cewa yaran zamani ba su son jin maganar manya, a nan sun ga akasin haka.

A Ostireliya kuma akwai Olive Riley, wadda aka haifa a garin masu haƙar ma'adinai na Broken Hill a watan Oktoba na 1899, tun Turawa ba su ci Kano ba. Ta fara nata shafin a watan Fabrairu na 2007 tana da shekara 107, daga gidan kula da tsofaffi, wani mai shirya fim da ake kira Mike Rubbo yana ɗaukar maganarta yana bugawa. Ta ba da labarin aikin kuku da ta yi a ƙauyuka da yadda ta reni 'ya'yanta uku ita kaɗai. Ta rasu a watan Yuli na 2008 tana da shekara 108, bayan ta taɓa ƙarni uku.

SHAIDAR WANDA YA GANI DA IDO

Ba hira kaɗai tsofaffin nan suka kawo ba. Waɗansu shaida suka zo bayarwa kan abin da ake jayayya a kansa, shaidar da babu mai iya bayarwa sai wanda ya gani. Harry Leslie Smith ɗan mahaƙin kwal ne, an haife shi a garin Barnsley na Ingila a 1923. Yayarsa Marion ta mutu da tarin fuka a 1926, domin iyayensu ba su da kuɗin likita, aka binne ta a kabarin matalauta wanda ko alama ba shi da ita. Sai a 1948 Birtaniya ta kafa tsarin kiwon lafiya na ƙasa wanda talaka zai ga likita ba tare da ya biya a bakin ƙofa ba. Da Smith ya ga ana tauye wa tsarin nan kuɗi a zamanin tsufansa, sai ya shiga Twitter, wadda aka sauya wa suna zuwa X a 2023, ya riƙa gaya wa matasa yadda rayuwa take kafin a kafa shi. Yana da shekara 91 ya yi jawabi a babban taron jam'iyyar Leba na 2014, ya kuma ziyarci sansanonin 'yan gudun hijira a ƙarshen rayuwarsa. Lokacin da ya rasu a watan Nuwamba na 2018 mabiyansa sun kai wajen 250,000. Ɗan siyasa zai iya musanta lissafin ɗan'uwansa ɗan siyasa, amma da wuya ya dubi tsoho ya ce masa yayarsa ba ta mutu ba.

Lily Ebert Bayahudiya ce 'yar ƙasar Hangari, haifaffiyar 1923. A 1944 'yan Nazi suka kwashe su zuwa sansanin gwale-gwale na Auschwitz, inda aka kashe mahaifiyarta da ƙanenta da ƙanwarta. Ita ta tsira, ta zauna a Landan. Bayan an 'yantar da su wani sojan Amurka ya rubuta mata 'yan kalmomin fatan alheri a jikin takardar kuɗi, ta adana ta shekara 75. A 2020 tattaɓa-kunnenta ya ɗauki hoton takardar ya sa a intanet, cikin 'yan sa'o'i aka gano iyalan sojan, ko da yake shi ya riga ya rasu. Daga nan su biyun suka buɗe shafi a TikTok, matasa suna aiko da tambaya tana amsawa, tana nuna musu lambar da aka zana mata a hannu a sansanin. Mabiyanta sun kai wajen miliyan biyu kafin ta rasu a watan Oktoba na 2024 tana da shekara 100. A zamanin da ake samun masu cewa kisan kiyashin nan ƙage ne, tsohuwa ce ta miƙa hannunta ta ce a duba.

Kada mai karatu ya ɗauka abin na Turawa ne masu ilmin boko kaɗai. A ƙauyen jihar Andhra Pradesh ta Indiya an yi wata tsohuwa mai suna Mastanamma, wadda ba ta da ko takardar haihuwa, danginta suka ce ta haura shekara ɗari. A 2016 wani matashi daga zuriyarta da abokinsa suka fara ɗaukar hotonta tana girki a fili, a kan murhun itace, tana ɓare kayan miya da farcenta. Faifan da ta dafa kaza a cikin kankana miliyoyin mutane suka kalla, shafin kuma ya tara mabiya fiye da miliyan ɗaya kafin ta rasu a watan Disamba na 2018. Ita ba ta yi jawabi kan siyasa ba. Abin da ta bari shi ne hannun girki na ƙauyensu, irin wanda ba a rubuta shi a littafi, wanda in mai shi ta tafi ya tafi ke nan.

WANDA KE RIƘE DA WAYAR

In aka jera labaran nan aka duba, za a ga abu ɗaya yana maimaituwa. Dattawan Ingila biyun nan sun riƙe nasu akalar, amma sauran huɗun kowace akwai wani ƙarami a bayanta: jika, ko tattaɓa-kunne, ko wani na kusa mai haƙuri. Tsoho ke da labari, yaro ke da na'ura, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Jaridun duniya sun fi ɗokin shekarun tsofaffin, suna ta kirari cewa ga wadda ta fi kowa tsufa a intanet. Wanda ba su cika ambata ba shi ne yaron da ya bar abin da yake yi ya zauna, ya yi tambaya, ya jira amsa, ya buga abin da aka faɗa ba tare da ya sa son ransa ba. In babu shi, María Amelia da labarinta za a rufe.

A nan ne maganar ta shafi ƙasar Hausa, domin an taɓa yin irin wannan a nan tun babu intanet. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 wata Baturiya mai suna Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Baba tana faɗa, ita tana rubutawa. Ta ba da labarin hare-haren kamun bayi, da zuwan Turawa, da aure da haihuwa da ƙawance da zaman kishiyoyi, watau tarihin cikin gida wanda littattafan sarakuna da yaƙe-yaƙe ba su kula da shi. Littafin ya fito da Turanci a 1954, ya zama abin karatu a jami'o'in duniya. Amma Baba ta rasu tun 1951. Ba ta ga littafin ba, ba ta ji abin da masu karatu suka ce ba, kuma da harshen da jikokin Karo ba su ji aka fara buga shi. Tsofaffi nawa ne sa'o'in Baba a ƙasar Hausa a lokacin, waɗanda ba su sami mai zama ya rubuta ba?

Yau ba a bukatar baƙo daga Ingila da alƙalami. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 ta ratsa birni da ƙauye, kuma tun da WhatsApp ya fito da saƙon murya a 2013 aka cire wa wanda bai iya boko ba babbar ƙaya. Tsohuwar da ba ta san bihim ba tana iya danna wuri ɗaya ta yi magana, ɗanta a Ikko ko Kumasi ko Jidda ya ji muryarta nan take, ya kuma mayar mata da amsa. Dattawa da yawa sun riga sun saba da wannan wajen gaisuwa da ta'aziyya da sanarwar ɗaurin aure. Abin da bai yawaita ba tukuna shi ne a zauna da su takanas domin su ba da abin da suka sani.

Abin da suka sani kuwa yana da yawa, kuma yana tafiya. Yaron da yake da shekara goma ran 1 ga watan Oktoba na 1960 yanzu ya haura saba'in. Waɗanda suka ɗauki buhu a dalar gyaɗa ta Kano, da waɗanda suka je yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da matan da suka jira su a gida, da direbobin da suka kwana suna tuƙi ta hagu suka wayi gari ta dama a watan Afrilu na 1972, da 'yan kasuwar da suka yi ta rikicewa tsakanin sule da kwabo lokacin da naira ta maye gurbin fam a watan Janairu na 1973, da manoma da makiyayan da farin 1973 ya ci dukiyarsu, da 'yan ƙalilan ɗin da suka tafi aikin hajji ta ƙasa suka ratsa Chadi da Sudan: kowace shekara suna raguwa. Haka ma masaƙa da marina da maƙera da ungozoma da masu sanin sunan kowace ciyawa a daji. Fiye da rabin mutanen Nijeriya ba su kai shekara ashirin ba, watau masu tambaya suna da yawa, masu amsa ne ke ƙarewa.

Al'adar Bahaushe ma ta riga ta zaɓi wanda ya fi dacewa da aikin. Ɗa yana jin nauyin mahaifinsa, uwa tana yi wa ɗan farinta alkunya har ba ta kama sunansa, suruka kuwa ba a ma maganarta. Amma tsakanin kaka da jika an ɗage labule. Kaka takan kira jikanta namiji mijinta, ta kira ta mace kishiyarta, jika kuma yakan tambaye ta abin da ubansa ba zai taɓa iya buɗe baki ya tambaya ba: yadda aka yi aurenta na fari, wa ta so aka hana ta, me aka ci a shekarar yunwa. A da, a gindin kaka ake kwana ana tatsuniya. Rediyo da talabijin da wayar kanta sun ci wannan lokaci, amma wasan bai mutu ba, kuma shi ne mabuɗin.

INDA AKE TSORO

Sai dai duk wanda ya riƙe wa wani abin magana ya ɗauki amana, amana kuwa tana da hanyoyin ci da yawa. Ta farko ita ce mai da tsoho abin dariya. Akwai bambanci tsakanin a yi wasa da kaka tana sane tana ramawa, da a laɓe a ɗauki hotonta tana kuskuren magana ko tana cikin ruɗewar tsufa, a watsa wa duniya domin a tara mabiya. Tsohuwar da ba ta san iyakar inda hoton zai kai ba, ba za a ce ta yarda ba don kawai ta yi murmushi. Wajibi ne a gaya mata a fili cewa abin da ta faɗa a tsakar gida zai iya kaiwa kunnen surukanta da maƙwabta da mutanen da ba ta taɓa gani ba, kuma magana zarar bunu ce. Akwai sirrin gida da tsohuwa za ta gaya wa jikanta domin shi kaɗai, wanda in ya fita zai raba zumunci. Sa'an nan kamfanonin nan suna biyan masu shafi kuɗin talla in masu kallo sun yawaita. In kuɗi ya shigo ta bakin kaka, to a san rabonta.

Ta biyu ita ce labarin ƙanzon kurege. Waɗansu masana na jami'o'in Princeton da New York sun bincika yadda Amurkawa suka yi amfani da Facebook lokacin zaɓen 2016, suka buga sakamakon a 2019. Sun tarar da cewa mutum tara cikin goma ba su yaɗa labarin ƙarya ko ɗaya ba, amma yawan labaran ƙaryar da masu shekara sama da 65 suka yaɗa, a matsakaici, ya ninka na matasa 'yan 18 zuwa 29 kusan sau bakwai. Ba abin mamaki ba ne. Mutumin da ya tashi a zamanin da duk abin da aka buga a takarda ko aka faɗa a rediyo sai da ya bi ta hannun edita, yakan ɗauka abin da ya gani a waya ma haka yake. A Nijeriya mai karatu zai tuna daren nan na watan Agusta na 2014 da aka yi ta tashin mutane a waya ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri su sha domin tsere wa cutar Ebola, har aka rasa rayuka. Saƙon da ya fito daga wayar dattijo ya fi na yaro nauyi, domin ana ganin girmansa ba a musa masa. Saboda haka jikan da ya koya wa kakansa tura saƙo, ya koya masa kuma tsayawa ya tambaya kafin ya tura, ya kuma faɗakar da shi kan 'yan damfara masu bugo waya suna neman lambar sirri ta banki. Dattijo ya fi ƙarfi a kan abin da ya gani da idonsa. In ya koma mai isar da abin da aka turo masa, ya ajiye zumarsa ya ɗauki ta wani.

Ta uku ita ce ɓata. Mutane suna zaton abin da aka sa a intanet ya zauna ke nan har abada, alhali kuwa shafukan nan dukiyar kamfanoni ce, kamfani kuwa yakan rufe ko ya yi ɓari. A 2019 MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da jama'a suka ajiye a wurinsa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta, wajen miliyan hamsin. A shekarar nan dai aka rufe dandalin Google+ ga jama'a. Waya ma takan faɗa ruwa, ko a sace ta a kasuwa. Duk wanda ya ɗauki muryar tsoho ya ajiye ta wuri biyu ko uku, ya rubuta sunan mai maganar da garinsa da ranar da aka ɗauka, ya raba wa dangi. Akwai kuma wuraren da aikinsu ke nan, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, da sassan nazarin tarihi da na harshen Hausa a jami'o'i, da cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa a Yamai tun 1968. Ya kamata irin waɗannan wurare su buɗe ƙofa ga abin da jikoki za su ɗauko, su kuma koya musu yadda ake tambaya.

Yadda ake tambayar ma ba wani abu ne mai wuya ba. A zaɓi lokacin da tsoho ya huta, a kashe rediyo, a ajiye wayar kusa da bakinsa, a tambaye shi abu guda wanda yake da kan gado, kamar ranar da ya fara shiga jirgin ƙasa ko nawa aka biya sadakin matarsa, sa'an nan a yi shiru. Kada a gyara masa Hausa, domin kalmomin da yaro zai ga kamar kuskure ne, sau da yawa su ne tsohuwar Hausar da ƙamus ke nema. In ya yi nisa ya bar hanya a bar shi, a can ne akan tsinci abin da ba a san ana nema ba. In an gama a kunna masa ya ji muryarsa, shi ya faɗi abin da za a fitar da abin da za a bari a gida. In kuwa an fitar har wani ya aiko da amsa, to a zo a karanta masa, domin wannan shi ne abin da Baba ta Karo ba ta samu ba, shi ne kuma ya raya María Amelia har ta ce intanet ta rage mata shekaru.

Jikan da ke Kaduna ko Fatakwal zai je gida da Salla, wayarsa a aljihu, zai ɗauki hoton rago da na sabon ɗinki da na hawan sarki. A ɗakin ƙurya kuwa akwai mai labarin da ya fi waɗannan duka, tana zaune a kan tabarma tana jiran a zo a gaishe ta a wuce. Daga ranar da aka ba María Amelia kyautarta zuwa ranar da ta rasu, shekara biyu ce da wata biyar. Duk wanda yake da kaka a raye ya yi nasa lissafin.